Ranar da Na Kira Sunan Kakanku

Abba, Ummi, Nana, na san kun ji labarin nan daga bakin Gwaggo Asabe, na kuma san yadda take ba da shi. Sai ta kama haɓa, ta waiga dama da hagu, sannan ta rage murya ta ce uwarku ce ta miƙe a gaban maza ta kira surukinta da sunansa na yanka, gatsal, ko sakayawa babu. To ban zo in ƙaryata ta ba. Na kira. Abin da Gwaggonku ba ta faɗa shi ne dalili, don ba ta san shi ba, ba ta kuma taɓa tambayata ba. Shi zan rubuta muku tun idona yana ɗan gani, kafin labarin ya zama nata ita kaɗai. Sunan kuwa kada ku neme shi a takardar nan. Kun san shi, kai Abba ma shi aka raɗa maka.

A shekarar da aka haifi Abba ni ce ke kula da sadarwar kwamfutocin kwalejin da na yi wa aiki a Kazaure. Mu biyu ne a ofishin, ni da Malam Sabi'u, wani dogon mutumin Roni da ya girme ni da shekara uku amma yana ƙarƙashina. Mutum ne mai tsabtar aiki, in ya ɗaure waya sai ka ce kitso aka yi mata. Aibinsa ɗaya, in hankalinsa ya tashi i'ina take kama shi, sai ka ga yana ta kokawa da kalma ɗaya jijiyar wuyansa ta miƙe. Aikin namu ba shi da wuyar ganewa. Gini uku muka haɗa: ofishin gudanarwa, inda babbar kwamfutar da ake kira saba take riƙe da tambayoyin jarrabawa, sai zauren jarrabawa, sai laburare. Kowane gini da lambar da kwamfutocinsa suke amsawa, gudanarwa goma, zaure ashirin, laburare talatin. A tsakiya akwai wani baƙin akwati, rauta, wanda aikinsa irin na ɗan kamasho ne a tasha, ya dubi lambar saƙo ya nuna masa ƙofar da zai bi. Amma shi ba ya sanin komai da kansa. Abin da ka rubuta masa shi zai bi, ko da rami ne.

Zauren nan sunan kakanku ne a jikinsa, da manyan baƙaƙe, saboda a gonarsa aka gina shi, kyauta ya bayar. Ni kuma daga gidan da na fito a ƙasar Gwiwa, mace ba ta kama sunan mijinta, balle na ubansa. Shekara tara ina aure a gidan, ban taɓa furta shi ba, ban taɓa rubuta shi da hannuna ba. A gida in ce Baba. A ofis in ce zaure, ko in ce can gabas, kowa ya gane. In takarda ta zo da dole a sa sunan, sai in bar gurbin, mai buga takardu ya cike. Shi ma kakanku bai taɓa kallon tsabar idona ba. In na durƙusa gaishe shi, bango yake amsa wa.

Haihuwar Abba ta zo da wahala, Inna ta kafe sai na je gida wanka. Ranar da na isa ta karɓe wayata ta jefa a ƙasan adaka, ta ce mai jego ba ta da wani aiki sai ruwan zafi da kunun kanwa. Ban yi gardama ba, don na bar komai a tsare, na kuma bar wa Malam Sabi'u wani koren littafina da nake rubuta lambobi a ciki. Ina kwana talatin da uku, da hantsi, ina zaune a kan tabarma sai na ji sallamar babanku. Ba ranar zuwansa ba ce. Ko zama bai yi sosai ba ya ce,

"An kori Sabi'u. To, ba a kai ga miƙa masa takardar ba, amma an ce an buga ta."

Na ce, "Wane Sabi'un?"

"Sabi'u nawa kike da su?"

Na ajiye Abba a kan tabarma na ce ya faɗa mini komai. Babanku ya ce tsawa ce ta ƙone rautar a cikin hutu, aka sayo sabuwa, Malam Sabi'u ya haɗa ta ya ce komai lafiya. Ranar jarrabawa ɗalibai suka cika zaure, wasu tun daga Babura da asuba suka taso, aka kunna kwamfutoci, babu wadda ta iya buɗe tambaya ko ɗaya. Aka jira har azahar. Aka ce gobe, goben ma haka. Yara suka fusata suka farfasa tagogi. Rijistara, wato magatakardan kwalejin, ya sa aka karɓe makullin Malam Sabi'u, ya ce da gangan ya yi, saboda wata biyu kafin nan ya rubuta takardar ƙorafi a kan an tsallake shi a ƙarin girma. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis. Kafin nan suna so in zo in gyara.

Inna tana bakin murhu tana jin mu. Ta ce, "Babu inda za ta. Ɗanyen jiki, saura kwana bakwai arba'in, a ce ta tafi ta zauna gaban ƙarfe?"

Na ce, "Inna, 'ya'yansa huɗu, kuma a gidan kwaleji suke zaune."

Ta yi ta faɗa har ta gaji, sannan ta ɗauko mayafinta ta ce to da ita za a je, ta ga wanda zai hana ni shan kunu a kan lokaci.

Talata da safe muka shiga. Inna ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin darbejiyar da ke gaban ofis ta rungume Abba, ni na wuce zaure, ina tafiya ina dafa bango. Gilasan tagogi suna nan a zube ba a share ba. Na kunna kwamfuta ɗaya. A aikinmu akwai wani ɗan gwaji da nake kira sallama, ka aika wa wata na'ura ɗan saƙo ka ga ko za ta amsa. Na yi wa ta kusa sallama, ta amsa. Na yi wa ƙaramar na'urar da ke bakin ƙofar zauren, ta amsa. Na yi wa saba, shiru. Na sake, shiru. Na bar kwamfutar tana ta aikawa, na lallaɓa na koma ofishin gudanarwa na zauna gaban sabar, sai ga abin mamaki: saƙonnin zaure suna isowa, ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ɓata. Saba tana amsawa kuma. Wato zuwa lafiya lau, a komawa ne amsar take salwanta. Sai na sa aka bi mini sawun amsar, zango zango. Zangon farko rauta, daidai. Zango na biyu ya kamata in ga zaure, sai na ga laburare. Na uku rauta. Na huɗu laburare. Rauta, laburare, rauta, laburare, haka layin ya yi ta sauka har saƙon ya gaji ya mutu. Na murza idona na ce ko jego ne ya taɓa mini gani. Na buɗe jerin hanyoyin da aka rubuta wa rautar, sai ga su ƙuru-ƙuru: ashirin ta bi ƙofar laburare, talatin ta bi ƙofar zaure. An juya su. Amsar zaure ana kai ta laburare, can su ce ba tasu ba ce su mayar, rauta ta sake tura musu. Layi biyu kacal. Na goge na rubuta daidai, ko minti biyu ban yi ba, zaure ya samu saba.

Da murnata na je wajen rijistara. A nan na yi wautar da har yau nake nadamarta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, an samu. Hanyoyin ne a juye."

Ya cire tabarau ya ce, "A juye. Na'urar ce ta juya su da kanta?"

"A'a, ba ta iyawa."

"Wato hannu ne."

"Hannu ne, ranka ya daɗe."

"Madalla, Injiniya. Kin gama mana aikin kwamiti. Ki rubuta haka ki sa hannu."

Na fito. Na zo ceton mutum, ga shi da bakina na ƙarasa shi. Kuma tun da gaskiya na ɗauki alƙawarin faɗa muku, bari in faɗa duka: na kusan awa ɗaya ni ma ina zarginsa. Ina ce wa raina, mutumin da ko waya ba ya ɗaurewa a karkace, ta yaya zai juya gini biyu sukutum bisa kuskure? Allah ya yafe mini wannan awar.

Na biya ta laburare don in tabbatar su ma sun samu. Mai kula da wurin wani tsoho ne da ya fi kowa daɗewa a kwalejin, tun daga shugaba har mai shara babu mai kiran sunansa, Baba kawai ake cewa. In an ce an tafi wajen Baba, laburare aka tafi. Ya tare ni da barka, ya ce ai nasa kwamfutocin ma tun dawowa hutu ba sa kai wa ko'ina, amma wa ya tambaye shi? Muna tsaye wata malama ta leƙo ta ce, "Baba, a buɗe yake?" Na ji wani abu ya ɗan sosa mini zuciya, ban dai gane ko mene ne ba. Na koma ofis na jawo aljihun teburin Malam Sabi'u ina neman biro, sai ga koren littafina. Na buɗe shafin lambobi. Rubutuna ne, da jan biro, tun shekara huɗu baya. GUDANARWA, goma. BABA, ashirin. KARATU, talatin. A gefen kowanne ga ɗan siririn rubutun Malam Sabi'u da fensir. Gefen BABA ya sa laburare. Gefen KARATU ya sa zaure.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ban san lokacin da na zame daga kujera na zauna a ƙasa ba. Ni na rubuta Baba ina nufin kakanku, don hannuna ba zai iya rubuta sunan da ke jikin zauren ba. Na rubuta Karatu ina nufin ɗakin karatu, yadda muke ce wa laburare tun muna sakandare. Shi kuwa bawan Allah ya karanta da idon kowa na kwalejin. Baba ai laburare ne. Karatu kuma a zaure ake yin sa duk ranar da ba jarrabawa, ɗalibai kullum cewa suke muna da karatu a zaure. Da ni ce shi, abin da zan fahimta ke nan. Babu hannun mugunta ko ɗaya a ciki. Kunyata ce ta fasa tagogin nan, ita ce kuma za ta fitar da yara huɗu daga gida.

Da la'asar babanku ya kai ni gidan Malam Sabi'u. Matarsa ta riga ta sauke labule, tana ɗaure kwanuka a zani. Shi yana zaune a dakali, ya rame sai ido. Na miƙa masa littafin na nuna masa layin da yatsa.

Ya ce, "Na gwada, ran-ranki ya daɗe. Na yi wa na'urorin bakin ƙofa sallama duk sun amsa. Hutu ne, gine-ginen a kulle. Na kira wayarki sau biyu a kashe. Na ji nauyin in aika gidan mai jego."

"Ranar jarrabawar fa?"

"Mutum goma a kaina kowa yana ihu. Waya na yi ta bi ina zaton tsawar ce ta cinye wata. Kafin in nutsu an karɓe makulli."

Na ce, "Malam Sabi'u, Baban nan ba na laburare ba ne."

"To wa-wane ne?"

Na buɗe baki, na rufe. Na dubi babanku, ya kau da kai. Malam Sabi'u ya dube mu duka biyu, can sai ya dafe kai ya yi salati.

Ya ce, "Kakan jariri. Wayyo ni. Allon sunan zauren da nake wucewa kullum." Sannan ya ce, "Kada ki tayar da maganar nan. Yana cikin kwamitin. Ni namiji ne, zan koma Roni in yi noma."

Haka ne, kakanku yana cikin kwamitin, shi ne wakilin dattawan gari a hukumar kwalejin. A mota babanku ya ce mini in kai littafin, in ce zaure nake nufi, shi ke nan, babu wanda zai nemi fiye da haka. Ni ma haka na zata.

Ranar Alhamis maza biyar ne a bayan dogon tebur. Mataimakin shugaban kwaleji a tsakiya, rijistara a damansa da fayil a gabansa, kakanku a can ƙarshe da farar babbar riga, idonsa a kan carbinsa. Malam Sabi'u yana kan benci jikin bango. An ba shi dama ya yi magana kafin in shigo, aka ce mini ya fi minti biyar a kan jimla ɗaya har rijistara ya ce ya isa. Na durƙusa na gaishe su, na ajiye littafin, na yi bayani tiryan-tiryan, tun daga sallamar farko har fensir. Rijistara ya jawo littafin ya duba ya yi wani ɗan murmushi.

Ya ce, "Injiniya, shekaranjiya kin ce hannu ne. Yau kin ce kuskure ne. Kowa a kwalejin nan ya san wane ne Baba. Ke da kika rubuta lambobin kin san talatin ce ta wajen Baba, shi ma ya sani. Yanzu kin ga abokin aikinki zai tafi, kin zo da wani sabon Baba. Fensir kuwa ko jiya ana iya sa shi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, zaure nake nufi."

"Wane zaure? Muna da uku."

"Na jarrabawa."

"Me ya haɗa zauren jarrabawa da Baba?"

"Sunan da ke jikinsa."

"Wane suna?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Yana rubuce a allo, ranka ya daɗe."

"Allo ba ya ba da shaida. Dokar kwamiti, abin da mai shaida ya faɗa da bakinsa shi ake rubutawa. Wane suna?"

A nan na gane. Mutumin nan ɗan gari ne, ya ci shinkafar bikina, ya san ko ni matar wace ce, ya san abin da ba zan iya ba. Ba neman sani yake ba. Ƙorafin Malam Sabi'u a kansa aka rubuta shi, ga tagogi an fasa ana neman wanda za a miƙa, shi ya sa ya tsaya a daidai inda ya tabbata ba zan wuce ba. Na dubi sauran, kowa ya sunkuyar da kai. Kakanku kuwa ba zai tsoma baki a maganar surukarsa tana tsaye ba, shi ma tasa kunyar ta ɗaure shi. Ta taga ina jiyo kukan Abba, Inna tana jijjiga shi, nono ya cika mini riga. Rijistara ya ce wa mai rubutun kwamitin ya sa cewa mai shaida ta kasa fayyace ginin da take nufi. Ya buɗe fayil ya zaro takardar korar, na ga hatimi a ƙasanta, ya tura ta gaban mataimakin shugaba ya cire murfin biro ya miƙa masa. Malam Sabi'u ya ɗago ya girgiza mini kai, wai kada.

Ba zan ce muku suɓutar baki ba ce. Na sani sarai. Na tuna Inna, na tuna Hajiya kakarku, na san kafin in isa gida labarin ya riga ni. Na miƙe tsaye na faɗe shi. Duka ukun, nasa da na mahaifinsa da na garinsu, yadda suke a allo. Kuma da yake shekara tara yana maƙale a maƙogwarona, bai fito a hankali ba. Da ƙarfi ya fito, kamar mai kiran wanda ya yi nisa a gona.

Kakanku ya ce, "Na'am."

Wallahi haka ya ce. Shi kansa bai san ya amsa ba, sai da kalmar ta fita na ga carbin ya tsaya a hannunsa. Biron mai rubutu ya faɗi ya gangara ƙarƙashin tebur, babu wanda ya sunkuya ɗauka. Ni kuwa na durƙushe a wurin na ja mayafi na rufe fuska, ina jin da ma ƙasa ta buɗe. Ban san iya lokacin da aka ɗauka a haka ba. Can na ji ya yi gyaran murya. Ba da ni ya yi magana ba, da mataimakin shugaba ya yi.

Ya ce, "Shekara tara yarinyar nan tana gidana. Ko mai irin sunana aka aiko, mai sunan Baba take ce masa. Jaririn da kuke jin kukansa ma ba za ta taɓa kiran sunansa ba. Wadda ta yi abin da ta yi yanzu ba ƙarya ta kawo muku ba. Kai kuma," ya juya wajen rijistara, "ka san da haka tun kafin ka tambaya. A rubuta abin da ta faɗa."

Aka rubuta. Mataimakin shugaba ya mayar da murfin biro, ya ninke takardar korar ya sa a aljihunsa. Aka mayar wa Malam Sabi'u makullinsa a ranar. Ni aka ba takardar gargaɗi a kan rubuta bayanan aiki da sunayen da ba na hukuma ba, kuma na cancanta, tana nan a fayil ɗina har na bar aiki.

Wannan ce mai sauƙin. Inna a ƙarƙashin darbejiya ta ji, don tagar a buɗe take. Har muka isa Gwiwa ba ta ce mini uffan ba, sai da ta zuba mini ruwan wanka ta ce, "Ban san na haifi mai irin wannan bakin ba." Ranar arba'in babu mace ko ɗaya daga gidan kakanku da ta zo ɗaukata, babanku ne ya zo shi kaɗai. Hajiya kakarku ta yi shekara biyu ina durƙusa mata tana amsa wa wanda ke bayana. A gidan suna in na shiga sai hira ta tsaya, ina ji ana cewa boko ne, mace in ta saba zama da maza kunya ke fita. Abin ya ci ni ƙwarai, na sha kuka a banɗaki don kada ku gani. Kakanku bai taɓa tayar da maganar ba har ya koma ga Allah, bai kuma canza mini ba, bangon nan dai shi yake amsa wa. Gwaggonku Asabe ce ta riƙe abin kamar gado.

Malam Sabi'u bai yi mini doguwar godiya ba, da ya fara i'ina ta tare shi sai ya haƙura. Ranar da na koma aiki na tarar ya sayi sabon littafi ya kwafe lambobin duka, kowane gini da cikakken sunansa, da hannunsa. A taron farko da muka shiga, ina bayani na iso inda dole a ambaci zauren, na ɗan tsaya ina neman ta inda zan zagaya. Sai na ji muryarsa daga ƙarshen tebur ya faɗi sunan, sumul, ko tuntuɓe babu. Na ci gaba da maganata. Daga ranar haka muka yi ta yi. A taro, a waya da 'yan kwangila, a gaban baƙi daga Dutse, in na iso wurin sai in ja numfashi, shi kuma ya ajiye sunan, in ɗora. Ba mu taɓa shirya shi ba, ba mu taɓa zancensa ba. Wani sabon ma'aikaci har ƙararsa ya kai, wai yana katse shugabarsa a gaban mutane. Shekara goma sha shida muna haka. Ya aurar da 'ya'yansa mata biyu daga gidan nan na kwaleji, babban ɗansa a zauren ya rubuta jarrabawarsa ta fita.

Da ciwon ido ya sa na ajiye aiki, a zauren aka yi mini walimar sallama. Kuna wurin, a layin gaba, kun ga lokacin da na tsaya a tsakiyar jawabi, Nana har ta ce mini daga baya ta zaci hawan jini ne. Ba shi ba ne. Cewa na yi, "Ina godiya da aka tara mu a wannan zaure na," sai na ja numfashi yadda na saba. Malam Sabi'u yana da wata biyar a kabarinsa a Roni, ni na san haka, da ni aka yi zaman makoki. Amma na tsaya ina jira. Mutane sun fi ɗari a wurin, kowa ya san sunan, ga shi ma a rubuce a saman kaina. Babu wanda ya san wani ne yake faɗa a madadina.